Kunun Jariri Bayan Wata Shida

(An rubuto wannan daga faifan laccar da wata ma'aikaciyar jinya ta gabatar wa mata a wata makarantar Islamiyya a Kano.)

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Masu goyo kada ku fita don yaro ya yi kuka, ai dominsu muka taru.

Idan uwa ta kawo ɗanta awo, na ga nauyinsa ya tsaya, nakan tambaye ta me take ba shi. Amsar kusan ɗaya ce kullum: "Koko, malama, kuma wallahi yana sha sosai." Ba ƙarya take yi ba, yana sha. Amma wane irin koko? An jiƙa gero, an markaɗa, an tace, an ba akuya dusar, an dama kamun da ruwa tsululu don ya bi ta fida. Cikin jariri ɗan wata bakwai bai fi kofin shayi ba. In kika cika shi da ruwan koko, yaro ya ƙoshi ya yi barci, amma jikinsa bai samu abin da zai gina tsoka da jini ba. Ta nan tamowa ke shigowa gidaje da yawa, har gidajen da ba a rasa hatsi. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa cikin yara ɗari 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya, 37 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A nan Arewa maso Yamma sun haura rabi. Mu da muke noma geron da waken da gyaɗar!

Kafin wata shida, nono zalla, ko ruwa ba a haɗawa. Daga wata shida kuwa, sinadarin ƙarfe da aka haifi yaro da shi, wanda ke yin jini, ya fara ƙarewa, nono shi kaɗai ba ya isarsa. Sai a fara abinci, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya haka ta ce, kuma kun fi ni sanin ayar Suratul Baƙara da ta ambaci shekara biyu cikakku.

To, ga garin da nake so kowace ta iya haɗawa, wanda a asibitoci ake kira Tom Brown. Gwangwani shida na hatsi, gero ko dawa ko masara ko ki gauraya su. Gwangwani uku na waken suya. Gwangwani ɗaya na gyaɗa. 'Yan uwanmu na Nijar suna da irinsa, Misola, shi ma gero ne da waken suya da gyaɗa. Ki tsince kowanne da kyau. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna ko ta sauya launi, ki zubar, kada ki ce asara, domin akwai dafi a cikinta mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Ki wanke, ki shanya a wuri mai tsabta. Waken suya yana son kulawa: ki jiƙa shi, ki murje ɓawon, ya bushe, sannan ki soya shi sama-sama har ya yi ja, gafin ya fita. Ɗanyensa yana kumbura ciki. Hatsi da gyaɗa ma a soya su daban-daban, a haɗa a kai inji, a tankaɗe, a zuba a roba mai murfi. Kada ki yi mai yawa, saboda man gyaɗar yana sa gari ya yi wari in ya daɗe.

Wajen damawa, ki kwaɓa da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshen ruwa, ki bar shi a wuta kina juyawa har ya dahu. Kaurin da ake so shi ne in kin ɗebo a cokali kin karkata, ba zai zube nan take ba. Na san abin da Hajiya ke shirin cewa, zai shaƙe shi. Ba zai shaƙe shi ba, Hajiya, in an zaunar da shi an ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. Abin da ke shaƙe yaro shi ne ɗura. A kwantar da shi a cinya, a toshe masa hanci, a kwarara masa kunu yana kuka yana shure-shure. Kunun nan yakan bi hanyar numfashi ya sauka a huhu, kwana biyu a kawo mana shi da zazzaɓi da haki. Don girman Allah mu bar ɗura. Na san da ita aka rene mu, kuma iyayenmu da ƙauna suka yi, amma mun ga abin da take haifarwa.

A kan wannan kunun za ki riƙa ƙari. Ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa. Garin zogale da aka shanya a inuwa. Busasshen kifi da aka cire wa ƙaya tas aka daka. Wata rana ki sauya gaba ɗaya: faten wake mai laushi, kabewa, karas, dankalin Hausa mai jan ciki, ayaba ko gwanda ko mangwaro a dame da cokali. Hanta in an samu, ko 'yar yanka ɗaya ce, ki dafa ki murƙushe, tana gaba wajen ƙara jini. Sai ƙwai. Maganar cewa yaron da aka ba ƙwai zai tashi da sata ba ta da tushe a addini ko a likitanci. Kaza tana yi miki ƙwai a tsakar gida, ki sayar ki sayo biskit da lemon kwalba, wannan ciniki bai yi riba ba. Ki dafa shi ya dahu sosai, ki ba ɗanki.

Yawan ci kuma: ɗan wata shida zuwa takwas, sau biyu ko uku a rana, a fara da cokali biyu ko uku a riƙa ƙarawa har rabin kofi. Daga wata tara, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. In ya kau da kai yau, ki sake gwadawa gobe. Ki ba shi a kwanonsa shi kaɗai, don in an haɗa shi da yayyensa ba za ki san abin da ya ci ba.

Abubuwan da za a dakata da su tukuna: zuma sai ya cika shekara. Muna girmama zuma, waraka ce, amma takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya kashewa ba, ta saki jikinsa har numfashi ya gagara. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Gishiri da dunƙulen magi da sukari, ba ya buƙatarsu yanzu. Gyaɗa guda-guda kuwa tana iya maƙale masa a wuya. In kin ba shi sabon abu kin ga ƙuraje sun feso ko leɓe ya kumbura, ki dakata ki zo asibiti.

Wata 'yar uwa can baya tana tambaya, in an dama da safe za a iya ajiyewa har azahar? A zafin nan namu, kunun da ya wuce awa biyu a ajiye ba na jariri ba ne, sai an sake tafasa shi. Gara ki dama kaɗan, daidai cinsa. Ki wanke hannunki da nasa da sabulu, ki yi amfani da kofi da cokali, don fida wuyar wankewa gare ta, kuma gudawa da yawa daga ita take. Mai tambaya a kan yaron da ba shi da lafiya: kada a janye masa abinci, a ƙara nono, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, in ya warware a ƙara masa ci ɗaya a rana har ya mayar da jikinsa. Waɗanda yaransu suka kai wata shida, ku tsaya bayan addu'a, mun zo da abin awon damtse, za mu auna su ɗaya bayan ɗaya.