Daren Kolon: lacca kan kiɗan fiyano da sauraro cikin natsuwa

Assalamu alaikum. Jama'a, don Allah kowa ya kashe ƙarar wayarsa, domin aikinmu na yau na kunne ne.

Zan fara da daren 24 ga Janairun 1975, a gidan wasan opera na birnin Kolon da ke Jamus. Wata matashiya mai suna Vera Brandes ce ta shirya taron, ta gayyato Keith Jarrett, makaɗin fiyano ɗan Amurka. Ya iso a mota daga ƙasar Suwizalan, bai samu barcin kirki ba, ga ciwon baya yana damunsa. Tun farko ya nemi a tanadar masa babban fiyano ƙirar Bösendorfer, amma ma'aikata suka yi kuskure, suka ajiye masa ƙaramin da ake gwaji da shi. Sautukan sama sun yi siriri, na ƙasa ba su da nauyi, feda ma, wato abin da ake takawa da ƙafa don sarrafa sautin, ba ta aiki yadda ya kamata. Saura kaɗan ya fasa, sai da aka lallashe shi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare ya zauna gaban mutane kusan 1,400, babu takarda a gabansa, babu abin da ya tsara daga gida. Kusan duk abin da ya kaɗa, a nan take ya ƙirƙiro shi.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Tunda gefe biyu na fiyanon ba su da lafiya, sai ya tsaya a tsakiya. Hannun hagu ya kama wani ɗan gajeren kiɗa yana ta maimaita shi, na dama yana yawo a hankali a kansa. A kashin farko, wanda ya kai minti 26, ya shafe kusan minti 12 yana kai da komo tsakanin haɗin sauti biyu kacal. Biyu, jama'a! Wanda ya saurara da gaggawa zai ce ai abu ɗaya ake ta yi. Amma in ka zauna, ka saki jikinka, za ka fara jin inda yatsa ya ɗan jinkirta, inda ya danna da ƙarfi, inda ya bar sauti ya mutu da kansa kafin ya taɓa na gaba. Har muryarsa za ka ji yana gurnani a bayan kiɗan, da ƙafarsa tana buga ƙasa.

Ni kaina, karon farko da na saurari faifan ina cikin wani aiki ne, ban ji komai ba. Sai da na sake kunna shi da dare, wuta ta ɗauke, unguwa ta yi tsit, sannan kunnena ya buɗe. Wallahi na daɗe a zaune bayan ya ƙare.

Kamfanin ECM na Manfred Eicher ne ya naɗi kiɗan ya fitar a wannan shekarar, aka sayar da kwafi sama da miliyan uku.

Yanzu za a kunna mana minti goma na farko. Kada kowa ya rubuta komai. Ku bi hannun hagu kawai, in hankalinku ya tafi wani wuri ku dawo da shi gare shi. Malam, a rage hasken fitila, sannan a kunna.