Darasi: Ɗalibi ya feɗe labari tukuna, sannan ya rubuta nasa

Assalamu alaikum, malamai 'yan uwana, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu duba yadda ake koya wa ɗalibanmu na kwaleji rubuta labarin da 'yan uwansu ɗalibai za su karanta. Tambayoyin nan shida, wa, me, ina, yaushe, don me, ta yaya, kowa ya san su, ba zan tsaya a kansu ba.

Ni a makon farko ba na barin kowa ya rubuta ko layi ɗaya. Ga abin da nake yi. Sai in buga labari guda na kamfanin dillancin labarai na Reuters ko Associated Press, gajere, in sa almakashi in yanka shi sakin layi bayan sakin layi, in gauraya, in ba ɗalibai huɗu-huɗu su jera shi yadda ya kamata. Ga nawa nan a kan tebur. Wannan shi ne na farko... a'a, ku dakata, wannan bayanin abin da ya faru bara ne, ƙasa zai koma. Yauwa, ga na farkon, wanda ya faɗi abin da ya faru yau da wanda abin ya shafa. Za ku ga suna gardama a junansu, to ku ƙyale su, a nan suke gane dala a kife da kansu, wato mafi muhimmanci a sama, saura na biye. Salon ya kafu ne a jaridun Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ake aika labari ta wayar tangarahu ana biyan kuɗi a kan kowace kalma. In sun gama jerawa, ku ce su cire sakin layi biyu na ƙarshe. Labari na nan daram? To sun jera daidai.

Sai biro kala uku. Wasu sun fi son alƙalamin nan mai haskaka rubutu, ni biro na fi so, don ba ya huda takarda. Shuɗi a ja layi ƙarƙashin abin da za a iya tabbatarwa, kore ƙarƙashin maganar da wani ya faɗa, ja kuma duk inda marubucin ya cusa ra'ayinsa.

To yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku sosai, don shi ya daɗe yana ba ni wahala. Kalmar da ake jingina wa mutum magana. Ku saurari jimla ɗaya sau huɗu. Shugaban ƙungiyar ɗalibai ya ce an gyara fitilun ɗakin karatu. Shugaban ya yi iƙirarin an gyara. Shugaban ya amince an gyara. Shugaban ya bayyana an gyara. Kun ji bambancin? Da ka rubuta "ya yi iƙirari", ka riga ka raɗa wa mai karatu cewa kar ya yarda. "Ya amince" kuwa tamkar an titsiye shi ne ya rasa mafita. "Ya bayyana", kai ka sa hannu cewa gaskiya ne, alhali ko leƙa ɗakin ba ka yi ba. "Ya ce" ko "in ji" kawai ke barin ka a tsakiya. Ɗalibai suna gudunsa wai maimaici ne, an koya musu a darasin insha'i su riƙa sauya kalma. Ku gaya musu ko sau biyar ya zo a labari ɗaya, ba laifi.

Akwai shekarar da wata ɗalibata ta rubuta cewa ma'ajin wata ƙungiya "ya amince kuɗin asusu sun ragu". Yaron nan rahoto kawai ya karanta a taro, ba wanda ya tuhume shi. Na duba rubutun, na bar kalmar ta wuce. Kafin magariba an fara nuna shi da baki a ɗakin kwana. Mun buga gyara, mun ba shi haƙuri, amma har yau abin na cikin raina. Masu karanta labarin ɗalibi sun san wanda ake magana a kansa ido da ido, gobe tare za su zauna a aji.

Saboda haka nake sa doka biyu: duk wanda ka yi hira da shi, miƙa masa littafinka ya rubuta sunansa da hannunsa, sannan duk zargi sai an ji ta bakin wanda ake zargi kafin a buga.

Wajen rubutu kuma, jimlar farko kar ta wuce kalma 30. Kuma kar a fara da "hukumar makaranta ta gudanar da taro". Wa ya damu da taro? Me aka yanke? "Daga Litinin ɗakin karatu zai riƙa kaiwa ƙarfe 10 na dare." Wannan ne ɗalibi zai tsaya ya karanta. Kanun labari kun san yadda ake yi.

Af, na haɗa labarai 12 da na riga na yanka na gauraya, da amsoshinsu, in kuna so ku aiko saƙo in tura muku, zai rage muku aikin almakashi. Aikin wannan makon: kowane ɗalibi ya kawo labari ɗaya da ya ja wa layi da kala uku, ya ƙirga "ya ce" nawa ne a ciki. Mako mai zuwa za mu shiga yadda ake hira. Sai mun haɗu.