Gane gyambon kwanciya a fata mai duhu kafin ya fashe

Ga wata dattijuwa da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, kuma ba ta iya juya kanta. Nauyin jikinta yana matse fata tsakanin ƙashi da katifa, jini ya kasa isa wurin, kuma cikin 'yan sa'o'i naman da ke ƙarƙashi yana iya fara lalacewa. Haka gyambon kwanciya ke somawa.

Yawancin mataimakan jinya sun san aikin yau da kullum. Ana juya majiyyaci duk bayan awa biyu ko bisa tsarin da ma'aikaciyar jinya ta rubuta, a karkatar da shi kamar digiri 30 da matashi a bayansa, a sa wani matashin ƙarƙashin sharaɓa domin dunduniya ta bar katifa, a canza zanin gado da zarar ya jiƙe, kuma a ɗaga shi ɗagawa, kada a ja shi a kan zani.

Inda ake yawan kuskure shi ne duba fata. An koya mana mu nemi wurin da ya yi ja, mu danna da yatsa na daƙiƙa 3, idan jan bai kau ba, to gyambo ya shiga matakin farko. Wannan gaskiya ne, amma a fata mai haske yake aiki sosai. A fatar yawancin majiyyatanmu jan ba ya bayyana, don haka mai duba yakan wuce yana ganin lafiya lau, sai ranar da fata ta ɗaye. A ganina, wannan giɓi ya fi kowane giɓi cutar da mutanenmu.

Ku lura da yadda wata ma'aikaciyar jinya ta duba dattijuwar nan. Ta fara buɗe labule, domin hasken rana ya fi ƙwan lantarki nuna bambancin launi. Ta kwatanta dunduniyar dama da ta hagu, ta ga ɗaya ta fi duhu, tana ɗan sheƙi, launinta ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi. Sannan ta ɗora bayan hannunta ta ji ko wurin ya fi kewayensa ɗumi ko sanyi, ta taɓa a hankali ta ji ko ya yi tauri ko ya yi laushi fiye da kima. Haka za ta bi ƙasan gadon baya, kwatangwalo, idon sawu, gwiwar hannu, ƙeya, da bayan kunne inda bututun iskar numfashi ke gogawa. Ta kuma tambaya: "Mama, akwai inda yake miki zafi?" Sau da yawa zafi yakan riga duk wata alama da ido zai gani.

Idan kun sami irin wannan wuri, kada ku murza shi. 'Yan uwa sukan shafa man zafi su yi tausa saboda ƙauna, amma murza yana ƙara ɓarke ƙananan hanyoyin jini da suka riga suka raunana, sai ku yi musu bayani cikin ladabi. Ku sauke nauyi daga wurin, kada ku sake kwantar da ita a kansa, ku rubuta lokacin da kuka gani, ku sanar da ma'aikaciyar jinya kafin ku miƙa aiki.