Su wa ke tsara albashin ma'aikata, kuma yaya ake shiga wannan aikin?

Assalamu alaikum masu kallonmu. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya Naira 70,000, daga Naira 30,000 da aka amince da ita a 2019. Kowa ya ga ja-in-jar da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka yi da gwamnati. Amma akwai wasu mutane da ba a nunawa a talabijin, waɗanda sai an sa hannun nan aikinsu ke kankama. Su ne masu nazari da tsara albashi.

Ga dalili. Ma'aikatan gwamnati suna kan matakai ne, daga na 01 zuwa na 17. Idan aka ɗaga albashin masinja shi kaɗai, zai kusa kamo jami'in da ke mataki na 07, wanda ya yi karatu kuma aka ɗora masa nauyi. To dole a taɓa kowane mataki, kuma a san nawa baitulmali zai iya ɗauka. A 2019 an sa hannu a dokar a watan Afrilu, amma sai a Oktoba aka cim ma matsaya kan wannan daidaitawar: mataki na 07 ya samu ƙarin kashi 23.2 cikin ɗari, mataki na 15 zuwa 17 kuma kashi 14. Kowace lamba a nan, wani ne ya zauna ya lissafa ta.

Tushen sana'ar shi ne a auna aikin, ba mai yin sa ba. Mai nazarin albashi ba ya tambayar ɗan wane ne ke kan kujerar. Yana tambaya ne: wane ilimi da ƙwarewa kujerar ke buƙata? Waɗanne irin matsaloli ake warwarewa a kanta? Idan aka yi kuskure, me za a yi asara, kuɗi ko rai? Akwai wata sananniyar hanya da Edward Hay ya samar a Amurka, wadda ke ba kowane ɗaya daga cikin waɗannan maki, sai a tara makin a ga matakin da aikin ya cancanta. Daga nan sai ya leƙa waje ya ga nawa wasu wurare ke biyan irin wannan aikin, domin asibitin da ya biya nas ƙasa da maƙwabtansa zai wayi gari ta tafi.

Idan aka yi ƙarin ba tare da lura ba kuwa, tarihi ya nuna abin da ke biyo baya. Janar Gowon ya kafa kwamitin Jerome Udoji a 1972, ya miƙa rahoto a 1974, kuma daga nan ne matakan 01 zuwa 17 suka samo asali. Da aka biya ƙarin albashin da kwamitin ya ba da shawara tare da ariyas na watanni a lokaci guda, kuɗi suka yi yawa a hannu, 'yan kasuwa suka ɗaga farashi. Har yau dattawa suna tuna lokacin Udoji.

To ina ake wannan aikin? A tarayya akwai Hukumar Kula da Albashi ta Ƙasa, NSIWC, da aka kafa a 1993. Ita ke fitar da jadawalin albashi kamar CONPSS na ma'aikatan ofis, CONUASS na malaman jami'a, CONMESS na likitoci da CONHESS na sauran ma'aikatan lafiya. Albashin masu riƙe da muƙaman siyasa kuwa aikin RMAFC ne, wato hukumar tattarawa da rabon kuɗaɗen shiga ta ƙasa. A bankuna, kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji, za ka same su a sashen kula da ma'aikata, suna tsara albashi, alawus-alawus da garaɓasar ƙarshen shekara. Kada a rikita su da akantan da ke tura kuɗi ƙarshen wata: shi biya yake yi, su kuma su ne ke cewa nawa za a biya, kuma saboda me.

Ga matashin da ke sha'awa, karatun tattalin arziki, akanta, ƙididdiga ko gudanar da kasuwanci duk yana kaiwa. Ka iya manhajar lissafi ta Excel sosai, ba sama-sama ba. Ka san dokar ƙwadago, da yadda ake cire harajin albashi, da dokar fansho ta 2014, wadda ta ce a cire wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Takardar shaidar CIPM, cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata ta Najeriya, tana buɗe ƙofa.

Sai kuma riƙon amana, don za ka san albashin kowa, daga direba har manajan darakta, kuma za a matsa maka ka faɗa ko ka gyara wa wani mataki. A ganina jihohinmu da ƙananan hukumominmu na matuƙar buƙatar irin waɗannan ƙwararru, domin rigimar albashi da yawa tana farawa ne daga jadawalin da ba a lissafa shi da kyau ba. Yawanci ana fara wannan aikin ne daga teburin biyan albashi, a yi shekaru ana koyon yadda lambobin ke tafiya, kafin a ba mutum damar tsara su.