Jirgin Ruwan Da Babu Kyaftin A Cikinsa: Wa Za A Kama?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Tun shekarar 2022 jirgin ruwan nan mai suna Yara Birkeland yake jigilar takin zamani a gaɓar tekun Norway, kuma an ƙera shi ne domin a wayi gari yana tafiya babu kowa a cikinsa, ana lura da shi daga wani ofis a kan tudu. Hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta kammala bitar dokokinta a 2021, inda ta gano cewa hatta ma'anar kyaftin da ma'aikatan jirgi sai an sake fayyace ta, ƙa'idar tilas kan irin waɗannan jirage kuwa ba a sa ran ta fara aiki kafin 2032. Tambayata ɗaya ce ga hukumomin Najeriya: idan irin wannan jirgi ya yi ɓarna a ruwanmu, wa za a kama?

Na san masu cewa Kano ba ta da teku, don haka ina ruwanmu. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa jiran kwantena ba. Shaddar Kantin Kwari ta ruwa take zuwa, riɗi da zoɓon Dawanau ta ruwa suke fita, kuma tashar sauke kaya ta tudu ta Dala da aka ƙaddamar a 2023 ba ta da wani aiki sai abin da jirgi ya sauke ko zai ɗauka.

A tuna da jirgin dakon kaya Ever Given, wanda ya toshe mashigin Suez kwana shida a watan Maris na 2021. Mai jirgin kamfanin Japan ne, mai hayarsa na Taiwan, tutarsa ta Panama, ma'aikatansa 'yan Indiya. Duk da wannan ruɗani akwai kyaftin da za a yi wa tambaya, amma sai da Masar ta tsare jirgin har watan Yuli, kuma masu kayan da ke ciki, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba, aka nemi su ɗauki kasonsu na asarar. To yanzu a cire kyaftin, a sa wani ma'aikaci a gaban kwamfuta a wata ƙasa, da manhajar da wani kamfani daban ya rubuta. Wa za a kama? A nan gida idan tirela ta kife da kaya an san direba, an san mai mota, an san ƙungiyarsu. Ɗan kasuwar Singa a wace kotu zai kai ƙarar manhaja?

Masu sayar da fasahar suna cewa kuskuren ɗan Adam ne ke jawo yawancin haɗurra, kuma wataƙila suna da gaskiya. Sai dai harin intanet na 2017 ya durƙusar da kwamfutocin kamfanin Maersk, asarar ta kusa dala miliyan 300, alhali jiragensa sun ci gaba da tafiya da mutane a cikinsu. Haka kuma yarjejeniyar teku ta 1982 ta wajabta wa kyaftin ceton wanda ya gani yana nutsewa. Masuncin da kwale-kwalensa ya kife a mashigin tekun Gini, wa zai miƙa masa igiya?

Abin takaicin shi ne muna da NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Najeriya, muna da ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙiro a 2023, amma babbar dokar jiragen kasuwancinmu ta 2007 ce, lokacin da babu mai tunanin jirgi marar matuƙi. Haba jama'a! Sai jirgi ya daki gaɓa a Lekki sannan za a kafa kwamiti? Ya kamata Majalisar Tarayya ta rubuta a fili cewa duk jirgin da ake sarrafawa daga nesa ba zai shigo tasharmu ba sai da sunan mutumin da ke da alhakinsa, da inshorar da za ta biya mai kaya, da wakilin da kotun Najeriya za ta iya aika wa sammaci. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kano kuma su aika da wakilansu tun a zaman jin ra'ayin jama'a na farko.