Daga Ina Kalmar Hijabi Ta Zo Mana?

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena mata da ke can baya, ɗalibai, sannunku da zuwa. Na san wasunku tun daga Samaru da Kongo suka taso.

Kalmar hijabi Larabci ce, kowa ya san wannan. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, asalinta ba sunan tufa ba ne. Tushenta hajaba, wato ya tare, ya shamakance. Daga nan Larabawa suka kira mai gadin ƙofar sarki hajibu. Girar ido ma hajibu suke ce mata, don tana tare ido. Wanda ya zauna a zaurukan cikin birnin Zazzau ya karanci rabon gado ya san hajabu, inda ɗa yake tare ɗan'uwan mamaci ya hana shi gado.

Sau 7 kalmar ta zo a Alƙur'ani. Ku duba Suratul Ahzab aya ta 53: labule ake nufi. A Suratu Maryam aya ta 17, shamaki ne Nana Maryam ta sa tsakaninta da mutanenta. Ƙyallen da mace ke rufe kai da shi kuwa himar ne, jam'insa ya zo a Suratun Nur aya ta 31.

To mu fa? Kakata a Tudun Wada har ta koma ga Allah ban ji ta ce hijabi ba. In za ta unguwa, sai ta ɗaura kallabi, ta jawo zane na biyu daga kan ƙofa ta lulluɓa, ta kama bakinsa da haƙori in hannunta da ƙwarya. Mayafi take cewa. Wannan tamu ce gangariya: yafa ta haifi mayafi, kamar yadda buɗe ta haifi mabuɗi, tsefe ta haifi matsefi.

Ɗinkakken hijabin nan mai kafar fuska sai wajen ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980 ya bazu, ta hanyar makarantun Islamiyya da ɗaliban jami'a. Na ji daɗin zuwansa, 'ya'yana shi suke sawa. Abin da ke min ciwo shi ne in ji yaro ya ce kafin hijabi iyayenmu ba su san sutura ba. Wanda ya faɗi haka ya je Kasuwar Sabon Gari, ya tambayi tsofaffin 'yan atamfa dalilin da ya sa ake yanka turmi a fitar da zanen ɗaurawa da na yafawa.

Hajiya, na ga kin ɗaga hannu. A miƙa mata lasifika.