Amsoshin Tambayoyinku: Jifan kyauta a ƙwallon kwando

Mai gabatarwa: Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa daga nan birnin Kano. Yau ƙwallon kwando ce a gabanmu, ga kuma Koci ya amsa gayyatarmu. Koci, sannu da zuwa.

Koci: Yawwa, na gode, Malam.

Mai gabatarwa: Lokaci ba yawa. Wani daga Gwale yana tambayar tsayin kwando daga ƙasa. Ƙafa 10 ne, wato mita 3.05. Wata ƙanwarmu daga Tarauni ta ce ko na mata ya fi gajarta? A'a, ɗaya ne, ƙwallonsu ce dai ta ɗan fi ƙanƙanta.

Sai wadda ta fi yawa a saƙonninmu. Kyaftin ɗin ƙungiyar wata jami'a ya rubuto: "Muna shirin gasar NUGA, ta wasannin jami'o'in Najeriya. A atisaye jifan kyauta yana shiga lafiya lau, amma ranar wasa sai ya ƙi, har an sha cin mu da maki biyu ko uku. Ina mafita?" Ga wanda bai sani ba, jifan kyauta shi ne jifan da alƙali ke ba ka in an yi maka ƙeta kana shirin jefawa. Ka tsaya a layi, tazarar mita 4.6 daga allon da kwando ke manne a jikinsa, babu mai tare ka, kowace ta shiga maki ɗaya. Koci, babu fa mai tare shi! Me ke kawo ɓarar?

Koci: To, Malam, mu a zamaninmu a filin siminti muka tashi, rana ta gasa ka, hunturu ya zo iska ta kwashe ƙwallon. Hakeem Olajuwon ma, ɗan Legas, gola ne a ƙwallon ƙafa kafin ya koma kwando, ya je ya ci kofin NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, da ƙungiyar Houston a 1994 da 1995. Yaran yanzu kuwa takalmi suke fara nema...

Mai gabatarwa: Koci, kyaftin na jira.

Koci: Af, to. Yaran nan suna atisayen jifan ne da farkon fitowa, jiki sakayau, ana hira ana dariya. Ranar wasa kuma sai an yi gudu an gaji, ƙirji na bugawa, sannan a ce je ka layi. Ƙarfin jifan daga gwiwa yake tasowa. In ƙafa ta mutu, ƙwallo a bakin ƙarfen gaba za ta tsaya. Don haka a sa su gudu tukuna, kowa na haki ya zo ya jefa biyu rak, kamar yadda ake yi a wasa. Wanda ya ɓarar, dukkan ƙungiya ta sake zagaya fili. Nan zai ji nauyin idon abokansa.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita, kyaftin, ka ɗauki biro. A gajiye za ku jefa, biyu-biyu, kuma ɓarar ta zama da hukunci. A gajiye, na ce.

Koci: Sannan kowa ya riƙe tsari ɗaya. In sau uku kake buga ƙwallo a ƙasa, kullum uku. Ka ja numfashi, yatsan ƙafarka na ɓangaren hannun jifa ya saitu da tsakiyar kwando, gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo, ka sake ta da ƙarshen yatsu, ka bar hannun a sama. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, daƙiƙa 5 gare ka, a Amurka ne NBA ke ba da 10, kada ka kwaikwayi na talabijin alƙali ya busa maka. Kuma a ɗaga ta ta yi baka. Faɗin kwando santimita 45 ne, ƙwallo kusan 24, wuri na nan in daga sama ta faɗo. Mai jifa a miƙe shi ke rage wa kansa ƙofa.

Mai gabatarwa: Ni kuma ga nawa, ko da za ku ji haushi. Na sha leƙa filayen nan da yamma, kowa yana bayan layin maki uku yana son ya zama Stephen Curry, gwanin jifan nesa na NBA. Shi Curry ɗin cikin jifan kyauta goma yakan ci tara, ku ba ku ga wannan ba. Shaquille O'Neal a zamaninsa a NBA, duk girmansa rabi da ɗan kai yake ci, har da gangan ake yi masa ƙeta don a kai shi layi. Ku sami littafi, a rubuta na kowa kullum, tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Koci: Wanda abin ya ƙi masa ƙememe ya gwada ta ƙasa da hannu biyu, irin ta Rick Barry, tsohon ɗan wasan NBA, shi ma a zamaninsa kusan tara cikin goma yake ci. Kunya ce kawai ke hana samari.

Mai gabatarwa: A gaban 'yan matan jami'a? Koci, ba za su yi ba! Saura minti ɗaya. Wani daga Kurna yana tambaya ko gajere zai iya wasan. Zai iya, Muggsy Bogues ƙafa 5 da inci 3 ne, ya yi shekara 14 a NBA. Mai tambaya kan Kano Pillars ta kwando, yi haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ga labarai nan tafe.